GONA, GIDA DA AIKI: TARIHIN ZAMAN IKKILISIYARMU NA SHEKARA HAMSIN A ƘASAR GEZAWA

GABATARWA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo mu wannan rana ta cikar ikkilisiyarmu shekara hamsin.

Jerin sunayen limamai da masu bishara da dattawa, tare da shekarun hidimarsu, yana wani shafi na wannan littafi, haka kuma labarin ginin majami'a. Abin da aka ɗora wa wannan kwamiti shi ne ya rubuta yadda iyayenmu suka zauna, da abin da suka ci, da aikin da suka yi, da yadda labarin haihuwa da aure da mutuwa yake zagayawa a tsakaninsu.

Wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 25 zai ga cewa bikin shekara ta hamsin da Allah ya ba Isra'ilawa ya shafi abu uku. Gonar da aka sayar saboda talauci takan koma hannun masu ita, mutumin da ya rabu da danginsa yakan koma gida, wanda kuma bauta ta ɗaure akan sake shi. Watau gona, da gida, da aiki. A kan waɗannan uku muka tsara wannan tarihi, gama a cikinsu ne aka gwada bangaskiyar iyayenmu, a cikinsu ne kuma za a gwada tamu.

ƘASAR DA ALLAH YA AJIYE MU

Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Gumel da Haɗeja. Ƙaramar hukumar ta haɗa da Jogana, Babawa, Ketawa, Wangara, Tumbau, Tsamiya Babba, Gawo, Zango, Mesar Tudu da Sararin Gezawa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 282,069 a cikin ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 340, watau fiye da mutum 800 a kowace murabba'in kilomita. Tun daga lokacin kuwa jama'a sai ƙaruwa take yi.

Baƙon da ya zo daga kudancin Kaduna ko Filato, abin da yakan fara tambaya shi ne, ina dajinku? Amsa ita ce babu. Gona tana jingine da gona, iyaka kuwa ita ce layin gamba ko aguwa ko lalle, sai burtali da aka bar wa shanu. Ba a barin saura ta huta a nan kamar yadda ake yi a wasu wurare. Kowace shekara ana noma gonar da kakanni suka noma.

Masana sun daɗe suna mamakin yadda ƙasar ba ta mutu ba. Wani Bature malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, a shekarun 1990 kuma shi da abokan aikinsa suka yi bincike a Tumbau. Abin da suka rubuta cikin littattafai shi ne abin da kowane tsoho a nan ya sani. Da damina akan turke tumaki da awaki a gida. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa a ciyar da su. Da bazara kuma a kwashe takinsu, haɗe da toka da sharar gida, a mayar gona. Ba a sare gawo, domin yana kaɗe ganyensa da damina ya bar wa amfani rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Kowace ɗorawa da kuka da tsamiya tana da mai ita, ana kuma raba ta cikin gado. A dā masu jakai sukan kai itace da hatsi birni, su dawo da mangala cike da takin bola. Ta haka birni da ƙauye suka riƙe juna shekara da shekaru.

YADDA BISHARA TA SHIGO ƘASAR KANO

Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun hana masu mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakuna. An daɗe a haka. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da wasu suka yi. A 1933 mishan ɗin SIM ta sami izinin zama a Kano. A 1937 aka damƙa mata kula da wuraren jinyar kutare na Kano da Katsina da Sakkwato. Na Kano shi ne wanda ya zauna a Yadakunya, cikin ƙasar Ungogo, maƙwabtanmu. A 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda har yau mutane daga ƙasashe da yawa suke zuwa.

Ta ƙofar jinya bishara ta shiga gidaje masu yawa. Mutum ya je neman magani, ya zauna shekara biyu ko uku, ya koyi karatun boko da waƙoƙin sujada, ya dawo gida da Sabon Alkawari cikin jakarsa. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ta horar da masu bishara Hausawa waɗanda suka shiga ƙauyukan Maguzawa a ƙafa da kan keke. A 1954 ikkilisiyoyin da aikin SIM ya haifa suka haɗu ƙarƙashin sunan ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa musu ragamar ayyukanta. A shekarun 1960 aikin Sabon Rai Don Kowa ya koya wa talakan mai bi cewa shaida ba aikin limami kaɗai ba ne.

Waɗanda suka fara taruwa a nan, a tsakiyar shekarun 1970, mutane ne iri uku. Akwai manoma 'yan ƙasa waɗanda suka bar tsafin kakanni. Akwai waɗanda suka warke daga doguwar jinya suka nemi wurin zama. Akwai kuma ma'aikata da aka turo daga wasu jihohi, malaman makaranta da malaman asibiti da malaman gona da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan sanda. Harshen Hausa ne ya haɗa su, littafin waƙoƙi ɗaya kuma yakan ishi mutum biyar.

SHEKARUN FARKO: FARI DA KUTURTAR GYAƊA

Ya kamata matasa su san irin lokacin da aka kafa wannan ikkilisiya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ce kuɗin manomin wannan ƙasa. Da aka shimfiɗa layin dogo zuwa Nguru a 1930, ya bi ta Jogana, sai kasuwar gyaɗa ta zo har ƙofar gida. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji, da shi ake aure, da shi ake sayen keke da kwanon rufi. 'Yan baranda sukan tare manomi da sikeli, buhuna kuma su tafi birni inda ake jera su dala-dala, dala guda takan ɗauki buhu wajen 15,000.

Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, 1973 ta fi tsanani. Tsofaffin wancan lokaci suka riƙa tuna yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da iyayensu suka ba su labari. Rijiyoyi suka ja baya, dabbobi suka faɗi, mutanen arewa da na Nijar suka kwararo suna neman abinci. Kafin a farfaɗo, a 1975 kuturtar gyaɗa ta bi gonaki ta nanɗe ganye, manomi ya tona ya sami ƙasa kawai. Daga nan dalar gyaɗa ta ɓace, manoma da yawa suka mayar da ƙarfinsu kan wake da gero da dawa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma abubuwa suka yi ta sauyawa. A 1972 motoci suka koma bin hannun dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma, amma tsofaffi suka ci gaba da lissafin baiko da sule har shekaru. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, mulkin En'e ya ƙare, aka kuma buɗe makarantun firamare na ilimi kyauta a ƙauyuka. A 1979 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wanda bai taɓa ganin magidanci yana sayar da akuyar matarsa domin kada a ɗaure shi a ƙofar dagaci ba, ba zai gane irin murnar da aka yi ba.

Saboda haka da hannu wofi aka fara. Baikon farko mudun gero ne, da ƙwai, da kaza. Mai bishara yana da 'yar gonarsa, 'yan'uwa kuma sukan yi masa gayya, gama ba kuɗin da za a biya shi.

SHEKARAR MANOMI DA SHEKARAR IKKILISIYA

Aikin ikkilisiyar ƙauye yana bin aikin gona sawu da ƙafa. Wajen lokacin Ista ake sharar gona da kai taki, zafi ya yi tsanani, kowa yana duban gabas. Ruwan fari yana sauka, ko da tsakar dare ne, da asuba maigida na gaba da sungumi, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Mai ƙarfin hali yakan yi binne tun kafin ruwa. Gero ake fara shukawa, a bi da dawa, sa'an nan a sa wake da gyaɗa a tsakanin kunya, domin idan ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi.

Daga nan sai noman firi da maimai. A nan ne aka fara gane masu bi a cikin gari, gama ranar Lahadi fartanya tana rataye ko da ciyawa ta ci gona. An yi musu dariya, wasu iyaye ma sun hana 'ya'yansu gayauna saboda haka. Amma ran Litinin 'yan'uwa sukan haɗa hannu, su fara da gonar gwauruwa da ta marar lafiya kafin su je tasu. Maƙwabta suka lura gonar Kirista ba ta kwana cikin ciyawa, dariyar kuwa ta ragu.

Watan Agusta shi ne watan wuya. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. A wannan lokaci ne mutum yakan ci bashin dami ɗaya ya biya biyu da kaka, ko ya jinginar da gonarsa, ko ya tafi ƙodago a gonar wani ya bar tasa. Dattawan farko sun yi dabara mai kyau, suka ajiye wani kashi na zakkar hatsi a rumbun ikkilisiya, a ranta wa mabukaci ya mayar da mudu a kan mudu, ba riba. Gidaje da yawa sun riƙe gonakinsu har yau saboda wannan rumbu.

Idan tumu ya fito, fuska ta saki. A girbe gero, a cire gyaɗa, a roro wake, dawa ta biyo baya da sanyin hunturu. Sa'an nan a yi sujadar godiyar kaka, a cika gaban bagade da damuna da kabewa da rake da kaji. Kirsimati tana zuwa daidai lokacin da manomi ke da abin hannu, shi ya sa a lokacin ake ɗinki, ake baftisma, ake ɗaura yawancin aure.

Takin zamani, watau supa da kamfa da yuriya, ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1970, ya ƙara yaɗuwa a shekarun 1980 ta hannun malaman gona na hukumar KNARDA. Ya taimaka ƙwarai, amma duk shekarar da ya yi tsada ko ya makara, wanda yake da tumaki a turke shi ne ya yi dariya. Inda ƙasa ta gaji kuwa, wuta-wuta ce ke fara ba da labari.

AIKIN IYAYENMU MATA

Tarihin da bai ambaci turmi ba, bai cika ba. Kafin injin niƙa ya zo, mace takan tashi da kukan zakara ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa a rijiya mai gaba goma ko fiye, ta kai abinci gona, ta kama fartanya ita ma. Da rani ta soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, ta dafa kalwa ta yi daddawa, ta kaɗa auduga. A gidajen da suka fito daga Maguzanci, dafa burkutu ce babbar sana'ar mace. Barin ta saboda bangaskiya hasara ce ta gaske, gama da ita ake sayen sutura da kayan ɗakin 'ya'ya. Iyayenmu mata sun bar ta, suka koma kiwo da ƙosai da saƙa da ɗinki, ba kuwa wanda ya biya su diyya.

Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan wannan ikkilisiya. Su ne suka ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin farko. Da adashinsu aka biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. A ajin Zumunta ne mata da yawa suka fara haɗa baƙi da wasali, domin kowace tana so ta buɗe Littafi da hannunta. Ungozoma kuma, ko Kirista ce ko Musulma, ba ta tambayar addinin mai naƙuda kafin ta fito da dare.

MA'AIKATA DA 'YAN CIN RANI

Gona ba ta taɓa ciyar da gida ita kaɗai wata goma sha biyu ba. Da an gama kaka, samari sukan ɗaure tabarma su tafi cin rani, wasu birni ga dako da gini da ga-ruwa, wasu Legas da Ibadan, wasu noman rani a bakin Jakara ko a filayen Kadawa bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Da hadari ya fara haɗuwa su dawo da rediyo da atamfa da kuɗin taki.

Masaƙu da sauran masana'antun Bompai, da yake suna gefenmu na birni, sun ɗauki 'yan'uwa da yawa. Mutum ya hau keke tun duhun asuba ya kama aikin safe, wani ya yi kwanan aiki ya wuce gona kai tsaye. Albashin wata ya kawo kwanon rufi da benci da fitilar gas cikin majami'a. Amma daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, rashin wutar lantarki da shigowar yadin waje suka durƙusar da masaƙu ɗaya bayan ɗaya. Magidanta da suka yi shekara ashirin a bakin inji suka dawo gida da takardar sallama. Wanda bai sayar da gonarsa ba ya sami abin komawa. Wanda ya sayar, ya koma haya da acaɓa, har aka hana ɗaukar fasinja a babur cikin birnin Kano a 2013, aka koma A Daidaita Sahu.

Muna kuma tunawa da malaman makaranta da suka koyar a ƙarƙashin itace, da malaman asibiti da suka yi aiki ba dare ba rana lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da tsofaffin sojoji da suka dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da kafintoci da magina da teloli da direbobi. Shaidar da suka bari ita ce riƙon amana. Sau da yawa a wurin aiki, mai bi ake ba ajiyar mabuɗin sito, wannan kuwa wa'azi ne da ba a yi da baki ba.

LABARIN GIDA

Lokacin sanarwa a sujadar Lahadi shi ne jaridarmu. A nan ake jin an sami ƙaruwa a gidan wane, ɗan wance ya ci jarrabawa, an kwantar da wane a asibiti, akuyar wani ta ɓata. Kafin wayar hannu ta zo a 2001, wasiƙa takan zo ta akwatin gidan waya na ikkilisiya ko ta hannun direba. Bayan an tashi, tsohuwa ta ja ɗan makaranta gefe ya karanta mata, ta sa a sake karantawa, sa'an nan ta faɗi amsa ya rubuta. Wasiƙar takan fara da gaisuwa mai yawa, ta ƙare da batun taki ko kuɗin makaranta. Wasu sukan ɗauki murya a kaset su aika. Da dare kuma a kewaye rediyo a ji gaisuwar Zaɓi Sonka daga Kaduna, ko shirye-shiryen Hausa na gidan rediyon ELWA daga Laberiya da na Muryar Bishara.

Littafin rajistar ikkilisiya yana nuna yadda zamani ya juya. A shafukan farko za ka ga Ɗanladi da Talatu da Asabe, waɗanda suka ƙara da Bulus ko Istifanus ko Rifkatu ranar baftisma. A tsakiya sai Godiya da Alheri da Murna da Nagode. Za ka kuma ga yawan jariran da aka rubuta sunansu, bayan wata kaɗan aka ja layi, saboda ƙyanda da gudawa da zazzaɓi. Allurar rigakafi da ruwan burtsatse sun rage wannan baƙin ciki ƙwarai, muna gode wa Allah.

Aure ya kasance da wuya a farko, gama masu bi kaɗan ne. Saurayi yakan yi tafiya har ƙasar Rano ko Ƙaraye ko Malumfashi neman mata, ta hanyar taron Zumunta da na matasa. Ta haka muka zama dangi da ikkilisiyoyi masu nisa. Akan yi kiran aure Lahadi uku, dattawa kuma sun sha jan kunne a kan tsadar lefe da gara, jan kunnen da har yanzu ake bukata.

Mutuwa kuwa ita ce ta fi gwada mu. Samun wurin binne 'yan'uwa ya kasance abin damuwa ga masu bi a wurare da yawa na ƙasar Kano, sau da yawa kuma a gefen gonar wani ɗan'uwa aka kwantar da na farko. Wannan ma dalili ne da ya sa gona a wurinmu ta wuce abin sayarwa.

ZAMA DA MAƘWABTA

Mu Hausawa ne, a nan aka binne cibiyarmu. Da yawa cikinmu suna da wa ko ƙane ko kawu Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Da Sallah ana kawo mana nama, da Kirsimati mu aika da shinkafa. Ranar ta'aziyya tabarma ɗaya ake zama.

Ba za mu ɓoye ba, an sha wuya. An kori wasu daga gida saboda bangaskiya, an hana wasu gado. Samun filin gini da samun malamin addinin Kirista a makaranta ba su zo da sauƙi ba. Duk lokacin da birni ya kama wuta, hayaƙin yakan iso mu: rikicin Maitatsine a Disamba 1980, ƙone majami'u a Oktoba 1982, tarzomar Oktoba 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, ta Mayu 2004 bayan abin da ya faru a Yelwa ta Jihar Filato, da hare-haren 20 ga Janairu 2012. Bayan kowane ɗaya, wasu 'yan'uwa ma'aikata sun kwashe iyali sun koma garuruwansu, benci ya zama wofi. Amma a cikin waɗannan kwanaki an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, suka tsaya a ƙofa. Allah ya san su, ya kuma sāka musu da alheri. 'Yan ƙasa kuwa ba su da wani gari da za su gudu zuwa. Suka zauna, suka yi shuka da ruwan fari kamar kullum, ƙofar majami'a kuma ba ta rufu ba sai a kullen annobar korona ta 2020, sa'ad da kowane gida ya zama wurin sujada.

ABIN DA KE GABANMU

Ga inda maganar take. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa biyar an raba shi biyar, kowane kashi kuma an sake raba shi. Yau akwai magidancin da gadonsa bai fi kunya ashirin ba. Birni yana matsowa ta hanyar Haɗeja, masana'antu da rumbunan ajiya da masu yankan fuloti sun iso Gunduwawa da Jogana, kuɗin da ake tayawa kuwa yana ruɗin ido, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta ƙara tsada. 'Ya'yanmu da muka sha wahala muka ilimantar suna Abuja da Kaduna da Jos, jikokinmu da yawa ba sa iya karanta Littafi da Hausa. Idan gonaki suka tafi, gidaje za su bi su, ikkilisiyar da ba gidaje a kewaye da ita kuwa gini ne kawai.

Ba mu ce sayar da gona zunubi ne ba, gama ciwo da bashi sukan tilasta mutum. Amma mu tuna da Nabot cikin 1 Sarakuna sura 21, wanda ya ƙi rabuwa da gadon kakanninsa ko da sarki ne ya taya. Saboda haka kwamiti yana roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, kada ɗan'uwa ya sayar da gona a ɓoye. Ya fara sanar da danginsa da dattawa, ko akwai mai ceto a cikin gida.

Na biyu, a farfaɗo da rumbun ikkilisiya da asusun taimako, domin kada kuɗin asibiti ya ci gonar gwauruwa.

Na uku, kowane gida ya nemi takardar shaidar gonarsa da filinsa tun masu shaida suna da rai, haka kuma filin majami'a da na maƙabarta.

Na huɗu, 'ya'yanmu da ke nesa su riƙa kawo yaransu gida, ko da sau ɗaya a shekara. Ku zauna da tsofaffi, ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta sunayen kakanni da na gonaki da na itatuwa. Waɗanda suka ga farin 1973 da idonsu sun rage kaɗan.

KAMMALAWA

Iyayenmu ba su bar mana dukiya mai yawa ba. Sun bar mana ƙasar da suka ciyar da taki har ta ciyar da mu, da suna mai kyau a cikin gari, da Maganar Allah cikin harshenmu. Muna gode wa dukan tsofaffi maza da mata da suka ba mu lokacinsu sa'ad da muke tattara wannan tarihi, da sarakunan ƙasa da maƙwabta da suka zauna da mu lafiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gidajenmu, ya sa albarka cikin aikin hannuwanmu, ya kuma sa waɗanda za su yi bikin shekara ɗari su same mu da aminci. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.

Kwamitin Tarihi,
A madadin Dattawan Ikkilisiya.